Kafin ka yanka bututu: yadda ake duba fatent ɗin na'urar kama iska da sanyi

Wasiƙar shafi biyu ce, ta imel ta zo, wata Talata cikin hunturu. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya aiko a kira ni, ya juyo mini da kwamfutarsa, ya ce, "Malam, zauna ka karanta mana, ai kai ka haɗa abin." Lauyan wani kamfani ne a Turai yake sanar da mu, cikin ladabin da ke da ɗaci, cewa sun ji za mu aika wa wani ɗakin gwaje-gwaje a Jamus na'urori biyu, saboda haka suna tuna mana da wata takardar mallakar ƙirƙira tasu. Nan take cikina ya ɗuri ruwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban kwafi na kowa ba." Ya ce, "Na sani. Amma ba abin da suka tambaya ke nan ba."

Gaskiyarsa. A harkar fatent, wato takardar da hukuma ke ba mai ƙirƙira don ta hana wasu ƙera abinsa ko sayar da shi, ba ruwan kotu da ko ka kwafa ko da kanka ka gano. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin sinadarai ne, sana'ata bututu da bawul da sifana. Wata uku na yi ina koyon abin da zan zayyana a nan, kuma da na san shi tun farko da mako guda ya isa.

Bari in fara da na'urar, don a san abin da ake faɗa a kai. Gubar da muke nema cikin iska, irin ta hayaƙin janareta da salansar mota da bolar da ake ƙonawa, kaɗan ce ƙwarai, injin awo ba ya jin ta kai tsaye. Sai a ja iskar ta cikin siririn bututun ƙarfe da aka lanƙwasa kamar ƙugiya, an cika shi da ƙwayoyin gilashi ƙanana, a tsoma gindinsa cikin ruwa mai tsananin sanyi. Gubar ta daskare ta manne, sauran iska ta wuce, shi ya sa ake kiransa tarkon sanyi. In an tara abin da ya isa, a ɗumama bututun farat ɗaya, a tura abin da ya kama cikin injin. Ruwan naitirojin, wato iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa, yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, na agon a 186, na niyon a 246. Da niyon iskar ma gaba ɗayanta ke daskarewa, sanyin ya zama shi ne famfon. Da irin wannan masana a Indiya suka ɗebo iska daga nisan kilomita 41 a sama, da balan-balan da suka saki daga Haidarabad a 2001 da 2005.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce, ko da ba na shari'a ba ne. In ka bar iska tana bi ta bututun da ke cikin ruwan naitirojin, oksijin zai taru a ciki ya zama ruwa mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ya haɗu da maiko, ko ka rufe bawul ya ɗumama, sai fashewa. Shi ya sa da yawa suka fi son agon a wannan aiki, don sanyinsa bai kai na naitirojin ba. Na taɓa ganin shuɗin nan sau ɗaya, ban ƙara wasa da shi ba.

To, abu na farko, kafin ka buɗe intanet: ɗauki takarda ka rubuta na'urarka gaɓa-gaɓa. Ba "tarkon sanyi" kawai ba. Iska ta ina take shiga, me ke cire mata danshi, bututun da me aka yi shi, me ke cikinsa, yaya ake sanyaya shi, da hannu ake tsomawa ko bawul ke fesa ruwan, me ke auna sanyin, me ke ɗumamawa, me ke ba da umarni. Tamu ta fito gaɓa 9. Wannan takarda ita za ka riƙa gwada kowane fatent da ita.

Sai nema. Rumbuna uku ne kyauta: Google Patents, Espacenet na ofishin fatent na Turai, da Patentscope na hukumar WIPO da ke Janeba. Kuskuren da na fara yi shi ne nema da kalmomi kaɗai. Lauyoyin da ke rubuta waɗannan takardu ba sa kiran abu da sunansa, bututu sai ya koma "hanyar wucewar abu mai gudana". Abin da ya fi shi ne lambar aji, don kowace ƙirƙira akwai rukunin da ake jefa ta. G01N 1/22 na ɗibar samfurin iska ne, G01N 1/40 na tattara samfur, G01N 1/42 na sarrafa samfur da sanyi, B01D 8/00 na tarkon sanyi, F25J kuma na mayar da iska ruwa. Haɗa lamba da kalma ɗaya ko biyu. In ka samu takarda guda da ta yi kusa da naka, duba waɗanda ta ambata da waɗanda suka ambace ta, kamar mai bin dangi a gidan biki.

Kula da harafin da ke bayan lambar. A1 roƙo ne kawai, ana wallafa shi wata 18 bayan shigarwa, ba a riga an ba shi komai ba. B1 ko B2 ita ce wadda aka amince da ita. Sau da yawa roƙon yakan zo da faɗi kamar zai haɗiye duniya, amma kafin mai tantancewa na ofishin fatent ya gama da shi ya tsuke. Kwana biyu na yi ban yi barcin kirki ba saboda wata A1 da daga baya na ga masu ita ma sun watsar.

Yanzu ga inda maganar take. Takardar fatent tana iya kai shafi 30, da zane-zane da dogon bayani, amma abin da doka ke karewa yana can ƙarshe, cikin jimloli masu lamba da ake kira da'awa. Bayanin labarin gona ne, da'awa ita ce iyakar gonar. Mutum yana iya ba ka labarin dajin gaba ɗaya, amma inda ya kafa turaku nan ne nasa. Saboda haka tsallake zanen, ko da ya yi kama da naka kamar an tsaga kara, ka tafi da'awa ta 1. Ita ce uwa, tana tsaye da ƙafarta. Waɗanda ke cewa "na'ura irin ta da'awa ta 1, wadda kuma..." 'ya'ya ne, in ka kuɓuta daga uwar ka kuɓuta daga su. Sai dai ka duba ko akwai wata uwar a ƙasa, don galibi akan yi ɗaya ta na'ura, ɗaya ta hanyar aiki da ita.

Yanka da'awar gaɓa-gaɓa, ka jera a hagu, naka a dama. Ƙa'idar ita ce sai na'urarka ta ƙunshi kowace gaɓa kafin a ce ka shiga gonar. Ɗaya ta ɓace, kana waje. Amma ƙari ba ya ceto: in kana da dukkan nasu biyar ka ɗora shida naka, kana ciki tsundum. Wannan shi ne abin da masu ƙira suka fi kasa haɗiyewa. "Ai nawa ya fi nasu," in ji kowa. Ya fi ɗin, kuma kana iya samun fatent a kan ƙarin, amma ba za ka sayar ba sai da izinin mai tushen.

Da'awar kamfanin nan gaɓa biyar ce. Huɗu muna da su, har da bawul mai fesa ruwan sanyi bisa umarnin ma'aunin zafi, wanda ni da kaina na ƙara don in burge Jamusawan, tsohuwar tamu da hannu ake tsomawa. Ta biyar ita ce mataki na farko mai sanyi wanda ke daskarar da danshi kafin iska ta kai tarkon. Mu ba mu da shi. Da bututun Nafion muke busar da iska, wanda ke tsotse ruwa ta jikinsa ba tare da sanyi ba. Kalma ɗaya, "mai sanyi", a kanta komai ya rataya.

Ba yau aka fara ba. Alfred Nobel, mai kyautar nan, ya yi fatent ɗin wani garin bindiga marar hayaƙi, ya rubuta cewa da sinadarin auduga irin mai narkewa ake yin sa. Frederick Abel da James Dewar suka fito da nasu a 1889 da irin wanda ba ya narkewa. Kamfanin Nobel ya kai ƙara a Ingila, aka yi ta hawa har kotun ƙarshe, a 1895 ya sha kaye. Abin da ya rubuta aka riƙe shi da shi, ba abin da ke ransa ba.

Amma kada ka yi saurin murna, don tsugune ba ta ƙare ba. Kotuna sun san wayon canza ƙusa da dunƙule. A 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin Graver Tank da Linde Air Products a kan hodar walda. Ta Linde da magniziyam aka yi, ɗaya ɓangaren suka sa manganis. Kotu ta ce aiki ɗaya suke yi, ta hanya ɗaya, sakamako ɗaya, don haka an keta. Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan a kan gaɓar da kake ganin ta cece ka: canji ne na gaske, ko suna kawai na sauya? Wanda ya cire hitar waya ya sa hitar faranti bai je ko'ina ba. Daskarar da ruwa da tsotse shi ta jikin bututu kuwa hanyoyi biyu ne daban, kuma a nan muka tsaya.

Akwai wani wuri da mutane ba su cika leƙawa ba: fayil ɗin muhawarar da aka yi tsakanin mai roƙo da mai tantancewa. Ofishin Amurka da na Turai duk suna buɗe shi kyauta. A nan na ga cewa da farko kamfanin cewa ya yi "matakin cire danshi" kawai, mai tantancewa ya nuna musu tsofaffin takardu, sai suka ƙara "mai sanyi" don su wuce. A Amurka abin da ka saki don a ba ka takarda ba ka dawowa ka ce naka ne. Kotunan Jamus ba su cika ba wannan fayil nauyi ba, amma ko ba komai ya nuna mini inda ƙafarsu ke ciwo, ya kuma ba ni jerin tsofaffin takardun a ɓagas.

Daga nan sai tambayoyi biyu masu sauƙi waɗanda sau da yawa su ke kashe magana: takardar tana da rai, kuma a ina?

Rayuwar fatent shekara 20 ce daga ranar shigar da roƙo, ba daga ranar bayarwa ba. Kuma sai ana biyan kuɗin sabuntawa. A Amurka sau uku ne, a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, 11 da rabi bayan bayarwa. A Turai da Najeriya duk shekara. Da yawa suna mutuwa tun kafin su tsufa saboda mai su ya daina biya. Google Patents yana nuna matsayi a gefe, amma tabbatar a rajistar ƙasar kanta, don wadda ta faɗi kwanan nan ana iya tashinta.

Batun ƙasa kuwa, babu wani abu wai shi fatent na duniya. Lambar da ta fara da WO roƙo ne ta yarjejeniyar PCT, wadda ke ba mai roƙo wata 30 a yawancin ƙasashe ya zaɓi inda zai shiga. Inda bai shiga ba, ba shi da komai. Fatent ɗin Jamus ba ya hana ni ƙera na'ura a nan gida in auna iskar bakin tasha. Ranar da na sa ta a akwati zuwa Jamus, ko na yi tayin sayar da ita can, ranar na shiga hurumin kotunsu. Najeriya tana da dokarta ta 1970, rajistar tana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu, shari'ar kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce. Rajistar tsarin takardu take dubawa, ba ta binciken ko abin sabo ne, don haka takardar da aka bayar a nan ba ta nufin ta fi ƙarfin a rushe ta. Kada ka dogara da rumbunan intanet a kan Najeriya, sa wakili ya duba maka a can. 'Yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Gana da Sudan suna ARIPO ta Harare, inda mai roƙo ke zaɓar ƙasashen da yake so. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya.

Farfesa ya so ya fake da cewa mu jami'a ce, bincike muke yi. A gida maganarsa tana da ƙafa, don dokarmu ta taƙaita haƙƙin mai fatent ga abin da aka yi don masana'antu ko kasuwanci. A waje sai a hankali. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Madey da Jami'ar Duke, ta ce zama jami'a ba ya wanke kowa. A Jamus an yarda ka yi gwaji a kan ƙirƙirar don ka fahimce ta ko ka inganta ta, amma ba ka ɗauke ta ka mayar kayan aikin wani binciken ba. Mu kuwa kuɗi za a biya mu.

Makami na ƙarshe shi ne tsohon sani. Abin da aka riga aka bayyana wa jama'a kafin ranar shigar da roƙo, a kowace ƙasa, da kowane harshe, ba ya zama na wani. A wannan fanni tsohon sani yana da yawa, tunda kama gubar iska da sanyi ya girmi yawancin masu faɗa a kansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta wallafa hanyoyin awonta, irin su TO-3 da TO-14, tun shekarun 1980, kuma a TO-14 akwai tarkon sanyi mai ƙwayoyin gilashi tare da bututun busar da iska, kusan yadda muka yi. Nemi irin waɗannan: tsofaffin mujallun kimiyya, kundin digiri, littafin da ke zuwa da na'ura. Abin da ake bukata shi ne kwanan wata da ba a musunsa. A Turai kowa na iya ƙalubalantar fatent cikin wata 9 da bayar da shi, a Amurka kuma akwai hanyar sake dubawa a ofishin fatent ɗin kansa. Duka biyun kuɗi ne masu nauyi. Ga irinmu, amfanin tsohon sani shi ne a ajiye shi a kan tebur ɗaya ɓangaren ya gani.

In wasiƙa ta riga ta zo, kada ka amsa da zafi, kada kuma ka yi kamar ba ka gani ba. A Amurka wanda ya ci gaba da gangan bayan ya sani ana iya ninka masa diyya har sau uku. Kada ka rubuta wa abokin aiki "ina jin mun kwafa" ko da wasa ne, kada ka goge komai, kada ka aika musu zanenka don ka nuna gaskiyarka. Dakatar da jigila. Nemi lauyan fatent na ƙasar da rigimar take. Baristan jami'armu mutumin kirki ne, da na kai masa jadawalina ya duba ya ce, "Malam, wannan ba layina ba ne, amma ka rage wa wanda za mu ɗauka rabin aiki." Haka kuwa aka yi, da yake lauyoyin can da awa suke caji. Amsar da aka tura sakin layi uku ce: wace da'awa kuke nufi, ga gaɓar da ba mu da ita, ga takardar da ta riga ku. Da a ce duka biyar muna da su, da sai dai mu cire bawul ɗin mu koma tsomawa da hannu, ko mu nemi lasisi mu riƙa biya a kan kowace na'ura. Babu abin kunya a ko wanne.

Saura naka. Dewar ɗin nan da ya tsira daga Nobel shi ya ƙirƙiro tulun gilashi mai bango biyu a 1892 don ajiye ruwan iska, kakan filas ɗin shayin da ke kowane gida, kuma kakan tulun naitirojin da likitocin dabbobi ke yawo da irin bijimi a ciki. Bai yi masa fatent ba. Wani maƙerin gilashi Bajamushe, Reinhold Burger, ya ƙarfafa shi don amfanin gida ya yi rajista a 1903, sunan Thermos ya biyo baya a 1904. Dewar ya kai ƙara bai samu komai ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A 1895 kuma William Hampson a Ingila da Carl von Linde a Jamus kowa ya shigar da hanyar mayar da iska ruwa, ɗaya ranar 23 ga Mayu, ɗaya ranar 5 ga Yuni, kwana 13 tsakani, ba tare da sun haɗa baki ba. Yau kusan ko'ina wanda ya riga shigarwa shi ke da abu, Amurka ma ta koma haka a 2013. In kana da sabon abu, shigar a gida tukuna, hukumar NOTAP ta gwamnatin tarayya mai kula da harkar fasaha tana taimaka wa masu bincike da wannan, daga nan kana da wata 12 ka kai wasu ƙasashe da ranarka ta farko. In ma'aikaci ne kai kuma a bakin aiki ka yi, dokarmu ta ba wanda ya ɗauke ka aiki haƙƙin, don haka ka zauna da su tun da wuri.

Mu a nan muka yi asara. Cikin gaɓoɓin nan 9 akwai ɗaya da ban gan ta a kowace takarda ba, wata 'yar dabara da ke riƙe tsayin ruwan agon daidai a cikin filas ba tare da lantarki ba, wadda rashin wuta ya koya mini. Lauyan ya tambaya ko an taɓa nuna ta. Ashe ɗalibinmu ya manna hotonta da cikakken zane a allon wani taron masana, wata 14 kafin nan, ya kuma sa a Facebook don murna. Daga wannan hoton ma kamfanin ya san da mu. Turai ba ta yafe bayyanawa kafin shigarwa, Amurka tana yafe shekara guda, mun wuce da wata biyu. Yaron ya zo ya durƙusa yana cewa, "Baba, ban sani ba." Na ce tashi, ni na riƙe maka allon kana mannawa.

Kamfanin bai sake rubutowa ba. Na'urorin biyu sun tafi bayan sallar layya, da bututun Nafion ɗinsu, kuma kuɗin lauyan ya fi na ƙarfen da bawul ɗin gaba ɗaya.